Ruwan da Ya Shiga Tankin Jirgi

Maigidana ya dawo daga Tafkin Cadi da injin jirgin ruwa da wani jan tanki na ƙarfe. Tufafinsa a buhu ya cuso su, amma injin a naɗe yake cikin bargo kamar jinjiri. Ya daɗe a can yana tuƙa wa masunta jirgi, sai da zama ya gagara, kowa ya fara neman hanyar gida, sannan shi ma ya haƙura ya juyo. Ranar da amalanke ya sauke shi a ƙofar gidanmu maƙwabta suka taru yi masa barka da zuwa, da suka ga abin da ke cikin bargon sai dariya ta ɓarke. Garinmu yana kudu da Gulbi, a kan hanyar Gidan Sori, kuma da rani Gulbin nan yashi ne zalla, jakai ke ratsa shi da kaya ba su ko jiƙa kofato ba.

Wani dattijo ya leƙa ya ce, "To kai kuwa, ina za ka tuƙa wanga abu? Cikin randa?"

Maigida ya yi murmushi kawai. Shi ma ɗan garin ne, ya san halin Gulbi. Idan damina ta yi nisa, ruwa ya sauko daga kudu, yakan cika ya tumbatsa, ya malale fadama, ya raba mu da Tibiri inda kasuwa take da likita. Masu ƙarfin hali su ƙetare da iyo, rungume da gora, kaya a ka. Sauran sai dai su kewaya ta hanya mai nisa, ko su zauna jiran ruwa ya janye. Kafin daminar nan ta shigo ya sa wani kafinta a Maraɗi ya haɗa masa jirgin katako, ya liƙe shi da kwalta, aka ɗauko shi a amalanken shanu. Da ruwa ya zo, waɗanda suka yi dariyar su ne suka fara shiga.

Mutum ɗaya ne tun farko bai yi masa dariya ba, wani Bafulatani da rugarsu ke bayan garinmu tun zamanin kakanni. Ya girmi maigida kaɗan, kuma tare suka tashi, shi ya sa maigida ke kiransa Hamma, yadda Fulani ke kiran wa. Shanunsa sun ƙare a wata muguwar shekara, sai ya kafa tebur a gindin tsamiyar mashigi yana sayar wa ƴan kabu-kabu, masu haya da moto wato babur, fetur a kwalabe. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya. Shi ya taya maigida tura jirgin cikin ruwa ranar farko, kuma a wurinsa ake sayen man injin.

Matarsa ƙawata ce, irin ƙawancen da ake ƙullawa da goro a gaban mata. Adda nake kiranta. Hausarta ba ta raba mace da namiji, "kai" take ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara mata ba, don daɗi yake mini a kunne. Sana'ata ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa. Da hantsi, in ta gama tallan nono, sai ta biyo ta gidanmu ta ajiye ƙwarya, ta kama mini matsar tunkuza muna hira. Ta san abubuwan da ban taɓa gaya wa ƴan uwana na jini ba, ni ma na san nata.

Ban taɓa ganin mutum na tattalin abu yadda maigida ke tattalin tankin nan ba. Yakan ce inji yana yafe wa mutum abubuwa da yawa, amma ba ya yafe ruwa a cikin mai. In zai ɗura, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin mazurari ya tace. Ba ya juye bido, wato jarkar mai, har ƙarshe, yakan bar na ƙasa, don a can ruwa ke kwanciya in akwai shi. Ba ya ɗura mai ana yayyafi. A cikin jirgi ya kafa wa tankin katako a sama, don kada ya zauna cikin ruwan da ke taruwa a ƙasa. A kan murfin akwai wani ɗan noti da ake kwancewa iska ta shiga in inji na aiki, to da zarar ya kashe inji hannunsa na kan notin nan yana ɗaure shi. In an tashi aiki sai ya cika tankin fal kafin ya ajiye, wai tanki rabi yana yin gumi daga ciki in sanyin safiya ya buge shi. Bayan duk wannan kuma ya rufe shi da baƙar leda, ya ɗaure da roba.

Na taɓa ce masa cikin wasa, "Malam, da haka kake lulluɓe ni da ko mura ban taɓa yi ba."

Ya ce, "Ke in kin jiƙe kina bushewa. Wanga in ya sha ruwa a tsakiyar Gulbi, rayukan mutane ne."

Haka aka yi damina ta farko da ta biyu lafiya. Masu ciki suka samu zuwa awo, masu wake da gyaɗa suka samu kasuwa, har wani malamin lakol, makarantar boko, da aka turo garinmu ya daina cire wando yana ɗora shi a ka. Maigida ya samu suna, mai jirgi ake ce masa har a garuruwan da ba su taɓa ganinsa ba. In ya sauke mutane a waccan gaɓar ya dawo, sai ya zauna a gindin tsamiya kusa da teburin Hamma su sha shayi, suna kallon ruwa.

A damina ta uku abin ya faru, ranar kasuwar Tibiri. An kwana biyu ana ruwa, Gulbi ya yi ja, yana gudu da kiraruwa da rassan itace. Ina cikin jirgin ranar, da daron ƙuli-ƙuli a cinyata. Akwai mata da yawa, da wani mutum mai buhunan wake, da wata tsohuwa da ke riƙe da akuyarta za ta kai kasuwa. Mun kai tsakiya, inda ruwan ya fi ƙarfi, sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Sannan ya yi shiru.

Ba na manta shirun nan. Sai ƙarar ruwa kawai a jikin katako. Maigida ya ja igiyar inji, ya sake ja, ya yi ta ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Jirgi ya juya gefe, ruwa ya ɗauke mu ya nufi yamma da mu. Mata suka kama salati. Ya bar injin ya ɗauki dogon sandan da yake ajiyewa, amma sandan bai taɓa ƙasa ba. Haka muka tafi har ruwa ya maka mu a jikin wata bishiyar kanya da ambaliya ta kewaye. Jirgi ya karkata, buhunan wake suka zame suka faɗa, akuya ta yi tsalle, ta fizgi tsohuwar da ke riƙe da igiyarta, su biyun suka afka ruwa. Maigida ya bi ta. Ya cafko zanenta, ya riƙe reshe da ɗaya hannun, maza suka jawo su. Akuyar dai ba a sake ganinta ba.

Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Samari suka shigo da igiya aka jawo mu gaɓa, aka janyo jirgin ta bakin ruwa har mashigi. Tsohuwar tana rawar ɗari, tana kukan akuyarta. Mai wake ya tsuguna ya dafa kai. Gari duka ya taru a gindin tsamiya.

Maigida ya koma cikin jirgin. Jikinsa na ɗigar ruwa ya kwance ledar, ya ɗauko tankin, ya je teburin Hamma ya ɗauki wata kwalba da ba komai a ciki, ya karkata tankin ya tsiyayo mai. Ya ɗaga kwalbar sama yadda kowa zai gani. A hankali abin ya rabu biyu, fetur a sama, ruwa kwance a ƙasa, ya kai faɗin yatsa.

Ya juya ya dubi Hamma. Ya ce, "Mi ne ne wanga?"

Hamma ya matso ya duba. Ya ce, "Ruwa ne."

"Daga ina?"

"Allah ya sani, mai jirgi. Wataƙila ruwan sama ya samu hanya."

"Ruwa ba ya shiga tankina. Kowa a nan ya ga yadda nake riƙonsa. Jiya da hannunka ka miƙo mini mai. Hamma, kai za ka tsarma wa mai ruwa ka sayar mini? Ni? Da mutane a cikin jirgi?"

Hamma ya dubi jama'ar da ta kewaye shi. Hausarsa takan gudu ta bar shi in ransa ya ɓaci. Da ƙyar ya ce, "Wallahi ban yi ba." Ya sake cewa, "Wallahi."

Ina tsaye a wurin da jiƙaƙƙen zane. Na san mijina, na san tsoro ne ke magana da bakinsa, don hannunsa da ke riƙe da kwalbar rawa yake yi. Amma mutanen da suka tsira daga ruwa yanzu-yanzu suna neman wanda za su ɗora wa abin, ga shi kuwa an nuna musu. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ai shi ma kwanaki motonsa ta yi ta shaƙewa bayan ya sha mai a nan. Wani ya ce dama ya daɗe yana zargi. Mai wake ya miƙe zai kifar da teburin, dattawa suka riƙe shi. Hamma ya tattara kwalabensa cikin buhu ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba, ya saɓa a kafaɗa ya nufi ruga.

Washegari ya dawo ya kafa teburinsa kamar kullum. Ba wanda ya tsaya. Ƴan kabu-kabu suka riƙa wuce shi suna zuwa wurin wani da ya buɗe sabon tebur a bakin masallaci. Ya yi ƴan kwanaki yana zama daga safe har la'asar, kwalabe a jere rana na dukansu, sannan ya daina fitowa.

Adda ma ta daina biyowa. Da na ga shirun ya yi yawa sai na ɗauki mayafi na tafi rugar. Na same ta tana wanke ƙorai. Ta amsa sallamata, amma ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Mijinka ya ce mu masu kisan kai ne."

Na ce, "Adda, firgita ce. Kin san shi."

"Kai fa? Mi ka ce?"

"Ni ban san sha'anin mai ba. Amma ku na san ku."

Sai a lokacin ta dube ni. Ta ce, "To je ka gaya masa. Nono ma yanzu in na kai gari sai a ce a duba ko na zuba ruwa. Ni da nake sayar musu tun kafin a haifi ƴaƴansu."

Na koma na gaya masa, ba sau ɗaya ba. Na ce mutumin nan bai taɓa cin ko ƙwayar gero ta wani ba, ya tuna tare suka tashi. Amsarsa ba ta canza ba. "Ruwa ba ya shiga tankina. In ba daga wurinsa ba, daga ina?" Na ga a fuskarsa shi ma abin na cinsa, ya rage cin abinci, ya daina zama a gindin tsamiya, amma ya riga ya faɗa a gaban jama'a, kuma ya yarda da hannunsa fiye da yadda ya yarda da kowa. Ya wanke tankin, ya shanya shi a rana, ya kwance injin ya goge ko'ina, ya canja buji, wato fulogi, ya koma aiki. Mai kuwa daga gidan mai na Tibiri ya koma sayowa a bidonsa, yana tsaye ake zuba masa. Damina ta riga ta fara ja da baya, ruwan sama ya yi ƙaranci, injin bai sake tari ba. Wannan ya ƙara tabbatar masa da cewa gaskiyarsa ce.

Bayan an gama girbi muka ji labari Hamma ya tashi da iyalinsa. Sun koma gabas, wajen Gangara, inda ƴan uwan Adda suke da shanu. Ba su yi sallama da kowa a gari ba. Na je na tarar da wurin bukkarsu fili, sai duwatsun murhu da tsofaffin turakun maruƙa.

Da damina ta kewayo, wata safiya bayan an sha ruwa mai yawa, injin ya sake yin tarin nan. Allah ya sa jirgi bai yi nisa da gaɓa ba, sanda ya kai ƙasa, aka dawo lafiya. Ban je mashigi ranar ba. Ina tsakar gida ina suyar gyaɗa da azahar sai ga shi ya shigo da tankin a hannu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ya ce, "Ba ni babban bahonki na wanki. Ki cika shi da ruwa."

Na cika. Ya juye man da ke cikin tankin a bido, ya ɗaure murfi da ɗan notin tamau, ya sa baki a tiyon ya hura iska har kumatunsa suka kumbura, ya toshe da yatsa. Sannan ya danna tankin cikin ruwa, yadda masu facin taya ke yi. Na matso ina kallo. Da farko ba komai. Ya juya shi gefe, ba komai. Da ya danna samansa ya nutse, sai ga ƴan ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga ƙarƙashin mariƙin, daidai inda aka yi masa walda da jikin tankin.

Ya fito da shi ya kankare jan fentin wurin da farce. Tsatsa ce a ƙasa, da wata tsaga siririya kamar gashi. Wurin yana da ɗan kwari, inda ruwa zai iya taruwa. Shekara da shekaru ana ɗaukar tanki cike da mai ta mariƙin nan, har ƙarfen ya gaji. Ita kuma ledar da yake ɗaurewa don kare shi, ita ce ke riƙe ruwan da ya silalo ta gefe, ta hana shi bushewa, ya kwana a kwarin nan yana tsiyaya ciki kaɗan-kaɗan.

Ya zauna a ƙasa, a cikin laka, bai ko nemi kujera ba. Gyaɗata ta ƙone a kasko ban sani ba sai da hayaƙi ya tashi.

Ya ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani, Malam."

Ya ce, "Hamma ya ce mini wataƙila ruwan sama ya samu hanya. Da bakinsa ya faɗa mini."

Ban ce masa ai na gaya maka ba. Ba amfanin da zai yi.

Ya yi abin da ya kamata, wannan zan shaide shi ko'ina. Bayan sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci da tankin, ya nuna wa mutane tsagar, ya ce shi ya zalunci bawan Allah nan, ba ruwan Hamma, kowa ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Ya sake faɗa a mashigi ranar kasuwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda mutane suka karɓi zancen. Wasu suka ce Allah sarki, suka wuce. Ɗan kabu-kabun da ya ce motonsa ta shaƙe ya ce shi bai ma tuna ya faɗi haka ba. Wata mata ta ce mini a bakin rijiya, ko ba wannan karon ba ai wa ya san sauran. Zargin ya zaga garuruwa cikin yini guda, amma wankewar ko ƙofar gari ba ta fita ba. Har yau in an tuna ranar kanya, akwai masu cewa ranar da Bafulatanin nan ya sayar da ruwa.

Ya kai tankin Maraɗi aka yi masa walda, ya daina rufe shi da leda, ya sa kafinta ya yi masa ɗan akwati mai rufi a cikin jirgi, iska na ratsawa ta gefe. Duk farkon damina sai ya ari bahona ya gwada shi. Ruwa bai sake shiga ba.

Da aka ɗaure gero aka kai rumbu ya ce mini in shirya, za mu Gangara. Tafiya ce mai nisa gare mu, mota zuwa Maraɗi, wata motar zuwa Gazawa, sannan kabu-kabu. Mun dace da ranar kasuwa, muka yi ta tambaya a wurin masu nono har aka kwatanta mana rugar. Na tafi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shi kuma ya sayi goro da shayi da sukari.

Mun tarar da Hamma ya dawo daga shayar da shanu. Ya rame, ya yi baƙi, sanda a kafaɗa. Shanun surukansa yake kiwo. Da ya hango mu ya tsaya cak, sannan ya taho ya miƙa wa maigida hannu, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina gajiya, ina ruwa bana, kowa na kallon ƙasa. Aka shimfiɗa musu buzu a inuwa. Ina daga gefe ina ji.

Maigida ya cire hularsa ya ajiye a gabansa. Ya ba da labarin baho da kumfa da tsaga tun daga farko, bai rage komai ba. Ya ce, "Hamma, na ɓata maka suna a gaban mutanen da ka tashi cikinsu. Na raba ka da sana'arka da garinka. Don Allah ka yafe mini."

Hamma ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ɗauki hular ya kaɗe ta ya miƙa masa. Ya ce, "Sa hularka, mai jirgi. Na yafe tun ranar. Na ga hannunka yana rawa."

"To ku dawo. Wurinku na nan ba wanda ya taɓa. Ni zan kafa maka teburin da hannuna."

Ya girgiza kai. "Shanun mutane na hannuna yanzu. Kuma in na zauna a gindin tsamiyar nan, duk wanda ya sayi kwalba sai ya ɗaga ta sama ya duba. Ko bai ɗaga ba, ni zan ga kamar ya ɗaga. Bar ni nan."

Maigida ya sake roƙo, Hamma ya sake cewa a bar shi. Ba da fushi ya faɗa ba, da ma fushi ne da an san yadda za a lallashe shi.

Ni kuma Adda ta shigar da ni bukkarta. Ta ɗauko sabuwar tabarma daga rataye, irin wadda ake ajiye wa baƙi, ta shimfiɗa mini, ita ta zauna a ƙasa can gefe. Ta dama mini fura a ƙwarya mai zane, ta rufe da faifai, ta ajiye a gabana da hannu biyu. Ta tambayi ƴaƴana ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi sana'a. Na miƙe zan taya ta tsince shinkafar da za ta dafa mana, ta ce, "A'a, zauna, kai baƙo ne." Na zauna. Na yi ta neman hanyar da zan bi mu koma irin hirarmu ta da, na kawo labarin wance da wance, ta yi dariya inda ya kamata a yi dariya, sannan shiru ya dawo. Ba ta yi mini laifin komai ba. An karrama mu iyakar karramawa, har zabo aka yanka. Da safe suka rako mu bakin hanya, aka yi addu'a, aka ce sai wata rana.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce Agye. Can maigida ya ce, "Ya yafe." Na ce, "Ya yafe." Muka ci gaba da kallon gonaki.

Yana nan yana tuƙa jirginsa duk damina, ko da yake ƙarfi ya fara raguwa, furfura ta cika masa gemu. Ya zama mutum mai jinkirin yanke magana. In aka kawo ƙarar wani a gabansa, ko a cikin gida ne tsakanin yara, sai ya ce a bari tukuna a duba. Yakan kira Hamma a waya da salla, su gaisa, su tambayi iyali, maganar ta ƙare kafin a daɗe.

Bara, a kasuwar Tibiri, na haɗu da wata Bafulatana mai sayar da man shanu wadda ta san su. A bakinta na ji cewa an yi bikin ƴar autar Adda tun watan da ya wuce. Yarinyar nan a hannuna aka haife ta, ni na yanke mata cibi, ni na yi mata wankan farko. A al'ada ƙawar uwa ita ke tsayawa a kan kayan ɗaki, ita ke raka amarya. Na tsaya riƙe da darona a tsakiyar kasuwa, na ce Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya.

Na sayi turmin atamfa mai kyau da kwanoni masu murfi, na ba wani direba da ke bin hanyar Gazawa, na kwatanta masa wurin masu nono. Bayan kwanaki ya tsaya a bakin titi ya aiko a gaya mini saƙo ya isa hannun Adda. Na tambayi ɗan aiken ko ta ce wani abu. Ya ce ta ce ta gode.